Darasin Kwamfuta: Idan Laftof Mai Ubuntu Ta Ƙi Kama Waifai



Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Saboda haka ɗan aji shida ba shi da makawa sai ya saba da ita. Yawancin laftof da ke shigowa gidajenmu a Rurum, Rano da Kibiya na hannu ne, waɗanda yayye ke sayowa a Kano. Kamfanin Microsoft kuwa ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Wannan ya sa wasu ke ɗora musu Ubuntu, babbar manhaja ta kyauta da kowa ke da ikon duba yadda aka ƙera ta. Ta fito ne a 2004, an gina ta kan Linux, wadda ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Wayar Android da ke aljihun malaminku ma jikar Linux ce.

Kukan da aka fi yi bayan an ɗora Ubuntu shi ne: "Ta ƙi kama waifai." Daga nan sai wani ya ce a goge komai a sake ɗorawa, wani ya ce a kai Kano. Na farko zai iya cinye muku takardu da hotuna, na biyu kuɗin mota da na mai gyara. Ku dubi manomin rani da ke shan ruwan Tiga. In ruwa bai iso gonarsa ba, ba ya haƙa sabuwar kwata. Bin tsohuwar yake yi har ya ga inda ta toshe. Intanet ma hanya take bi: daga kamfanin layi zuwa waya, daga waya zuwa katin waifai da ke cikin laftof. Aikinmu shi ne gano inda ta yanke, mataki bayan mataki.

Mataki na 1: An kashe ne?

Ku fara duba kusurwar sama ta dama, ko alamar jirgin sama a kunne take. Sannan ku duba jerin madannan F1 zuwa F12, akwai mai hoton eriya ko jirgi; ku danna shi tare da Fn. Wasu tsofaffin laftof suna da ɗan makunni a gefe, wanda jaka kan ture ba a sani ba.

Domin tabbatarwa, ku danna Ctrl, Alt da T tare. Allon rubuta umarni mai suna Terminal zai buɗe. Ku rubuta:

rfkill list

In kun ga "Soft blocked: yes", manhaja ce ta rufe, kuma wannan umarni zai buɗe ta:

rfkill unblock wifi

In kuwa "Hard blocked: yes" ya fito, babu umarnin da zai yi magani. Makunni ne ko madanni, sai an koma an taɓa shi da hannu.

Mataki na 2: Akwai direba?

Nan ne gizo ya fi yin saƙa. Katin waifai tamkar mota ne, ba ya motsi sai da direba, wato 'yar manhajar da ke tuƙa shi. Ku rubuta:

lspci -k

Ku nemi layin da ke ɗauke da "Network controller". Zai nuna kamfanin da ya ƙera katin: Intel, Realtek, Atheros ko Broadcom. A ƙasansa ya kamata a ga "Kernel driver in use". In babu wannan layi, mota na nan, direba ne babu. Katin Intel galibi yana tashi da kansa. Na Broadcom ya fi ba da wahala, domin direban wasu daga cikinsu mallakar kamfanin ne, Ubuntu ba ta kunna shi sai mai kwamfuta ya zaɓa.

To ta yaya za a sauko da direba alhali babu intanet? Ku haɗa waya da laftof da igiyar caji, ku shiga saitin wayar ku kunna "USB tethering". Wannan hanya ba ruwanta da waifai. Sai ku buɗe "Software & Updates", ku shiga "Additional Drivers", ku zaɓi direban da ta nuna, ku jira ta gama, ku kashe kwamfutar ku sake kunnawa. In igiyar ta ƙi, ku canja wata, domin wasu caji kawai suke yi.

Mataki na 3: Tana ganin na wasu, ba ta ganin naku

Waifai yana tafiya a zango biyu da aka fi sani, 2.4 GHz da 5 GHz. Sababbin wayoyi suna iya watsa Hotspot a kan 5, tsofaffin katuna da yawa kuwa 2.4 kaɗai suke gani. Ku shiga saitin Hotspot ku mayar da shi 2.4. In kuma tsaronsa yana kan WPA3, ku mayar da shi WPA2. Ku tuna wasu wayoyi kan kashe Hotspot da kansu in an ɗauki mintoci babu wanda ya hau.

Mataki na 4: Tana gani, ta ƙi shiga

Kusan kullum kalmar sirri ce. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, don haka ku duba Caps Lock. In an taɓa canja kalmar a waya, laftof tana riƙe da tsohuwar. Ku sa ta manta da wannan waifai, ku shigar da sabuwar. In har yanzu shiru, ku farkar da manhajar da ke kula da haɗin:

sudo systemctl restart NetworkManager

Za ta nemi kalmar sirrin kwamfutar. Ba za ku ga abin da kuke bugawa ba, haka tsarin yake.

Mataki na 5: Ta shiga, shafi ba ya buɗewa

A nan laifin ya fi zama na waya. Ku buga *323# ku ga ko data ta ƙare. Ku lura, datar WhatsApp ko Facebook kaɗai ba ta buɗe shafin JAMB. Sannan ku gwada:

ping -c 4 8.8.8.8

In amsa ta dawo, intanet na isowa. In kuma ping -c 4 google.com ya ƙi, matsalar tana wajen DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Ku kashe Hotspot da waifai ku sake kunnawa. Ku kuma dubi agogon kwamfutar. Tsofaffin laftof suna da ɗan batir a ciki mai riƙe kwanan wata. In ya mutu, agogo kan koma shekarun baya, sai shafuka su riƙa ƙin buɗewa da sunan tsaro.

Yaushe za a je wurin mai gyara?

In mataki na 2 bai nuna katin ba sam, kuma umarnin lsusb ma bai nuna shi ba, ko kuma laftof ba ta kamawa sai an manna waya a jikinta, to aikin ya koma na sukurdireba: kati ya mutu ko wayar eriya ta zare. Kada ku kwance da kanku. Akwai ɗan waifai mai kama da filashi da ake soka wa a ramin USB, amma ku gwada shi a kan Ubuntu a shagon kafin ku biya. Ku tafi da takardar da kuka rubuta abin da kowane umarni ya nuna. Wanda ya san ciwonsa ba a sayar masa da maganin wata cuta.

Gargaɗi: kada ku kwafi umarni mai farawa da sudo daga inda ba ku amince ba, domin yana da ikon goge komai.

Aikin gida

1. Mene ne bambancin "Soft blocked" da "Hard blocked"?
2. Laftof ta hau Hotspot, ping 8.8.8.8 ya amsa, amma shafi ya ƙi buɗewa. Kawo dalilai biyu.

A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. 'Yan aji shida kuma ku gwada kwamfutocinku tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Sashen Kimiyya, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta