Yadda Amurka Ke Auna Haɗarin Gobarar Daji

Kafin shekarar 1972, kusan kowane yanki na ƙasar Amurka yana da tasa hanyar ta auna haɗarin gobarar daji. Abin da wannan yanki ya kira babban haɗari, wancan yana iya kiransa matsakaici, saboda haka da wuya hukuma ta san inda ya fi cancanta ta tura ma'aikata da jiragen kashe wuta. A cikin wannan shekara ce aka kafa ma'auni guda na ƙasa baki ɗaya. An yi masa gyara a 1978 da 1988, kana aka sake masa fasali a 2016.

Tashoshin lura da yanayi su ne ke tattara bayanin zafi da laima da ƙarfin iska da yawan ruwan sama. Amma ginshiƙin lissafin shi ne danshin da ya rage a jikin abin da wuta za ta ci. An kasa busassun tsirrai kashi huɗu bisa kaurinsu. Ciyawa da tsinke kan bushe ko su jiƙe cikin kimanin sa'a 1, ƙirare sa'a 10, rassa sa'a 100, su kuwa gungume masu kaurin inci 3 zuwa 8 sai sun ɗauki sa'a 1,000, watau kusan kwana 42. Wannan ne ya sa yayyafin yini guda ba ya kawar da haɗari bayan dogon fari: ciyawa ta jiƙe, amma gungume na nan ƙayau, kuma shi ne ke riƙe wuta.

Daga nan sai a bayyana wa jama'a sakamakon a mataki biyar, daga kore, wanda ke nufin haɗari kaɗan, zuwa ja, wanda ke nufin matsananci. Ya kamata a lura cewa ma'aunin ba ya faɗin inda wuta za ta tashi. Yana nuna yadda za ta kasance ne idan ta tashi a faɗin yankin.

Ga ɗan kasuwa, waɗannan matakai kuɗi ne. A jihohin Oregon da Washington, idan haɗari ya ƙaru akan taƙaita aiki da zarto mai inji a cikin daji daga ƙarfe 1 na rana zuwa 8 na dare, idan kuwa ya kai matuƙa sai a dakatar da aikin katako ɗungurungum. Ɗan kwangilar da bai sa kwanakin zaman banza a cikin lissafinsa ba, daga aljihunsa zai biya.

Kamfanonin lantarki sun fi kowa jin jiki. A watan Nuwamba na 2018, layin wutar kamfanin PG&E ya haddasa gobarar da ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya, inda mutum 85 suka rasa rayukansu. A watan Janairu na 2019 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, yana ƙiyasta cewa diyyar gobarar da ke kansa za ta iya zarce dala biliyan 30.