Amsoshin Tambayoyinku: Shin Ƙiba Gadonta Ake Yi?

Tambaya: Ni da ƙanwata kwano ɗaya muke ci, amma kullum ƙiba nake ƙarawa, ita kuwa tana nan siririya. Mahaifiyarmu da 'yan'uwanta duk masu jiki ne. Shin ƙiba gado ce? In gado ce, akwai amfanin in wahalar da kaina? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Tabbas gado yana da hannu. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin mutane daga ƙwayoyin gado yake. A 1986 an bi diddigin mutanen Denmark da suka tashi a hannun marika, sai aka ga jikinsu ya biyo na iyayen da suka haife su, ba na waɗanda suka ciyar da su ba.

Ke da ƙanwarki kowa ta ɗauki rabin gadonta wurin uwa, rabi wurin uba, amma ba lallai rabin ya zama iri ɗaya ba. Ƙwayoyin da ke shafar nauyi ɗaruruwa ne, kowacce da ɗan tasirinta. Wadda ta fi shahara ita ce FTO, da masana a Birtaniya suka gano alaƙarta da ƙiba a 2007: wanda ya gaji nau'inta mai sa ƙiba ta ɓangaren uwa da uba yakan ɗara wanda bai gaje shi ko ta ɓangare ɗaya ba da kimanin kilo 3. Yawancin ƙwayoyin nan a ƙwaƙwalwa suke aiki, inda ake jin yunwa da ƙoshi. Shi ya sa wata malmala ɗaya ta ishe ta, wata kuwa sai ta ƙara. Saboda haka kada ki yarda a kira ki mai haɗama.

Akwai kuma larurar da ba a cika samu ba, kamar rashin sinadarin leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana da isasshen kitse. Yaron da ya yi mummunar ƙiba tun yana ƙarami, ga yunwar da ba ta yankewa, likita ya kamata a kai shi.

Amma gado bai rufe ƙofa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙiba a tsakanin manya ta ninka fiye da sau biyu daga 1990 zuwa 2022. Ƙwayoyin gado ba sa canjawa cikin shekara talatin; cimarmu da zamanmu ne suka canja. An kuma gano motsa jiki yana rage tasirin FTO.

Ki rage lemon kwalba, sukarin shayi da soye-soye, ki yawaita wake da ganye irin su zogale. Ki riƙa tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Ki auna hawan jini da suga a asibiti, ki guji magungunan rage teɓa na kasuwa. Ko kilo kaɗan kika sauke, lafiyarki za ta amfana. Allah ya ƙara lafiya.