Turanci Mai Sauƙi, Magana Mai Gaskiya

A shekarar 1979, wata mata 'yar birnin Liverpool, Chrissie Maher, ta kwashi tulin takardun gwamnati zuwa dandalin majalisar dokoki a Landan, ta yayyaga su a bainar jama'a. Kukanta shi ne talakan Ingila ba ya gane abin da aka rubuta masa, alhali Turanci harshen uwarsa ne. Daga nan aka kafa ƙungiyar Plain English Campaign. A Amurka ma, Barack Obama ya sa hannu a 2010 kan dokar da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya rubuta wa jama'a cikin harshe mai sauƙi.

Tun a 1946 marubuci George Orwell ya yi gargaɗi cewa lulluɓaɓɓun kalmomi sukan zama mafakar ƙarya, musamman a siyasa.

Wannan batu na rubutu mai sauƙi ya shafi ɗalibi mai shirin jarrabawar WAEC da ma'aikacin ofis a Najeriya. Mai neman hutu ya faɗi buƙatarsa tun layin farko: kwana nawa, daga yaushe, saboda me. Mai rubuta rahoto ya ambaci sashen da ya jinkirta aiki, ya sa adadin kuɗin da aka kashe, kada ya ɓuya bayan dogon Turanci. Kalmar da bai san ma'anarta ba, ya duba ƙamus ko ya bar ta.

Kafin mai rubutu ya aika da takardarsa, ya karanta wa abokin aiki da ƙarfi. Duk jimlar da abokin ya nemi a maimaita, a sake rubuta ta.