Darasi na 9: Bege a Tsakiyar Makoki

Abin karantawa: Makoki 3:19-33, 2 Sarakuna 25:1-12
Ayoyin haddacewa: Makoki 3:22-23

Gabatarwa

Ran Litinin, 14 ga Afrilu 2014, da sassafe, ma'aikata sun cika tashar motar Nyanya suna neman shiga birnin Abuja, sai bam ya tashi. Mutum fiye da 70 suka rasu, Kirista da Musulmi. Ranar kuwa ta faɗo cikin makon da ikilisiya take tunawa da shan wuyar Ubangijinmu. Bayan kwana 6 masu bi suka taru domin idin tashin Almasihu, waɗansunsu hawaye bai bushe a idonsu ba. Ran 1 ga Mayu wani bam ya sāke tashi kusa da wurin. Ina mutum zai sami bege a irin wannan lokaci? Littafin Makoki yana koya mana.

1. Kuka ba rashin bangaskiya ba ne

Wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta ci Urushalima bayan yunwa ta gama da mutanenta. Aka ƙone Haikali, aka rushe garu, aka kwashe jama'a zuwa bauta. Waƙoƙi 5 na littafin Makoki kukan wannan masifa ne. Marubucin bai ɓoye zafinsa ba, ya zuba shi duka a gaban Allah. Ubangijinmu ma ya zub da hawaye a bakin kabarin Li'azaru. Saboda haka kada mu tsauta wa ɗan'uwa mai kuka.

2. Bege yana zuwa ta wurin tunawa

Mu lura da aya 21. Ba abin da ya sāke a birnin, kango yana nan kango. Amma mutumin ya juyo da tunaninsa da gangan, ya tuna da halin Ubangiji. Kalmar Ibraniyanci da ke nufin jinƙai a aya 22 tushenta ɗaya da kalmar mahaifa, tushenta ɗaya kuma da rahama da muke faɗi da Hausa. Wato tausayin Allah kamar na uwa ne ga abin da ta haifa. Uwa takan hori ɗanta, amma ba ta jin daɗin kukansa. Abin da ayoyi 31 zuwa 33 suke koyarwa ke nan.

3. Rahamar yau domin yau ce

Aya 23 ta haɗa jinƙan Allah da safiya. A jeji Isra'ilawa sukan tara manna kowace safiya gwargwadon cin yini, wanda ya ajiye saura kuwa ta yi tsutsa (Fitowa 16). Gwauruwa da aka bar wa marayu ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin shekara 10 a dare ɗaya, ba a kuwa nemi haka a gare ta ba. Ta roƙi abin da zai kai ta faɗuwar rana, gobe Mai bayarwa yana nan.

4. Inda jinƙan ya cika

Mu muna da abin da mai Makoki bai gani ba, wato gicciye da kabarin da aka tarar ba kowa a ciki. Manzo Bitrus ya ɗora begenmu bisa yawan jinƙan Allah da tashin Yesu daga matattu (1 Bitrus 1:3). Wanda aka ji ƙansa kuwa bashi ne a kansa. Mu je gaisuwar mutuwa, mu duba marasa lafiya, mu biya kuɗin makarantar maraya, ko shi na ikilisiyarmu ne ko ba namu ba, mu kuma bar ramuwa a hannun Allah.

Tambayoyi

1. Mene ne ya sāke tsakanin aya 20 da aya 21?
2. Wane jinƙai na Allah ne muka gani a makon nan?
3. Wane gida ne a unguwarmu yake makoki, wa zai je a cikinmu?

Addu'a

Ya Uba mai jinƙai, ka ta'azantar da dukan waɗanda suka rasa nasu. Ka ba mu rahamar da za ta ishe mu yau, ka sa mu kai ta ga maƙwabtanmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.