Shirin Tafiya Zuwa Gandun Dajin Gashaka-Gumti: Kaya da Lafiya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ilimin ba zai amfane mu ba in mun dawo gida a kwance. A wannan darasi za mu ɗauki gandun dajin Gashaka-Gumti mu yi misali da shi, mu ga abin da ɗalibi zai yi kafin ya shiga daji mai zafi da laima, da abin da zai sa a jakarsa. Abu guda da muke so mu riƙe shi ne wannan: shirin lafiya yana farawa makonni kafin ranar tashi, ba ya kuwa ƙarewa a ranar da aka dawo.

Wurin da za mu je

An kafa wannan gandun daji a shekarar 1991. Yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, a bakin iyakar Kamaru, faɗinsa kuma ya wuce murabba'in kilomita 6,000. Babu wanda ya kai shi girma cikin gandayen daji na ƙasa a Nijeriya. Mai zuwa daga Jalingo zai bi ta Bali ya sauka a Serti, inda babban ofishin gandun yake. A can ake neman izini, a tambayi lafiyar hanya, a kuma sami ma'aikacin gandun da zai yi jagora. Ba a shiga ba tare da shi ba.

A ɓangaren kudu akwai kurmi da koguna da duwatsu. A nan ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna sukan cika su datse hanya.

Kafin a tashi

Na farko, allurar rigakafin shawara. Sauro mai cizo da rana ne yake ɗauke da wannan cuta. Allurar tana bukatar kwana 10 kafin ta fara kāre mutum, saboda haka wanda ya karɓe ta ana gobe tafiya ya makara. Tun shekarar 2016 dokar lafiya ta duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Bari kowa ya nemo katinsa tun da wuri ya duba.

Na biyu, kowane ɗalibi ya ga ma'aikacin lafiya. Mai sikila, da mai asma, da mai farfaɗiya, kada su ɓoye don tsoron a bar su a baya. Sanyi da ƙishirwa da hawan dutse suna iya tayar da ciwon sikila, a wurin da asibiti yake da nisa. Malamin da ke jagorar tafiya ya kamata ya san wannan, ya kuma san maganin da kowa yake sha.

Ƙananan abokan gāba

Ɗalibai sukan yi tambaya game da damisa da ɓauna. Gaskiyar magana, waɗanda suka fi kwantar da matafiyi ƙanana ne ƙwarai.

Sauron zazzaɓi yana cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba. Maganinsa gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci, yana son shuɗi da baƙi, don haka mu sa tufafi masu ruwan ƙasa, masu dogon hannu. Akwai kuma ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi. Shi ne ke kawo makantar kogi, ko da yake yawanci sai an sha cizonsa na dogon lokaci. A ruwan da ke kwance kuwa akwai katantanwa mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar tana ratsa fata ba tare da mutum ya ji ba. Kome zafin rana, kada mu faɗa ruwan da jagora bai yarda da shi ba.

Ruwan sha

Ruwa mai haske ba lalle ne ya zama mai tsabta ba. Mu tafasa shi, ya yi minti 1 yana tafasa sosai. A kan dutse, in an wuce mita 2,000, sai a ba shi minti 3, gama a can ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da yake yi a ƙasa ba. In zawo ya kama wani, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan kaɗan.

Abin da ke shiga jaka

Mu tuna, duk abin da muka zuba mu ne za mu goya. Lita 1 ta ruwa kaɗai kilo 1 ce. Masu hawan dutse sun saba cewa kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, wato kilo 10 ga ɗalibi mai kilo 50.

Sai mu ɗauki takalmi rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabon takalmi yakan yi kanta tun ranar farko. Mu haɗa da safa, hula, rigar ruwa, tocila da batir, sabulu, da ashana a ƙulle cikin leda. Kada mu manta da rigar sanyi da bargo. Kowace mita 1,000 da muka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, har mai gumi a Serti ya kwana yana rawar ɗari a bisa dutse. Guzuri kuwa ya zama marar lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino da kilishi.

Akwatin magani ɗaya ya isa ƙungiya, a hannun malami: bandeji, filasta, maganin wanke rauni, farasitamol, da maganin zazzaɓi irin na zamani wanda likita ya rubuta. Kulorokwin da iyayenmu suka sani ya daina aiki yadda ya kamata.

In maciji ya sari wani

Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. Baƙin dutsen nan da ake liƙawa ba ya zuƙe dafi, ɓata lokaci kawai yake yi. A kwantar da hankalin mutumin, a cire masa zobe ko agogo, a ɗora wa ƙafar karan tsage don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Asibitin sarar maciji na Kaltungo a jihar Gombe sananne ne, amma yana da nisa da Gashaka. Saboda haka tun a Serti mu tambayi inda ake samun allurar kashe dafi mafi kusa.

Bayan an dawo

Zazzaɓin cizon sauro ba ya nuna kansa sai bayan kwana 7 ko fiye. Tsargiya tana iya ɗaukar makonni kafin a ga jini a fitsari. Duk wanda ya ji zazzaɓi bayan dawowa ya je a gwada jininsa a ranar, ya kuma gaya wa likita inda ya je da ruwan da ya shiga. Iyaye, ku ma ku sa ido a kan wannan lokacin hutu.

Tambayoyi domin bita

1. Don me ake karɓar allurar shawara kwana 10 kafin tafiya?
2. Ɗalibi mai kilo 45, nawa ne iyakar nauyin jakarsa?
3. Faɗi abubuwa uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.