Halal Da Ɗayyib: Darasin Turmi Daga Ƙasar Anka Da Bukkuyum

 Darasin wannan mako a kan kalmomi biyu ne na Larabci waɗanda aya ta 168 ta Suratul Baƙara ta haɗa su wuri guda inda ta yi wa mutane umurnin abin da za su ci, watau halal da ɗayyib. Ta farkon kowa ya san ta, har yaro ɗan makarantar allo. Ta biyun ce aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Asalin kalmar halal a Larabci shi ne kwance ƙulli, watau abin da Shari'a ta kwance wa mutum, ba ta ɗaure shi da hani ba. Ita kuwa ɗayyib tushenta ɗaya da ɗib, wanda shi ne turare, daga nan ne kuma aka sami Ɗaiba, ɗaya daga sunayen Madina. Ma'anarta abu mai tsabta, mai daɗi, wanda ba ya cutar da jiki ko hankali. Kishiyarta habisi. To, abinci yana iya zama an same shi ta hanyar gumi, an yanka da sunan Allah, an fitar masa da zakka, amma duk da haka ya kasa zama ɗayyib. Wanda ke neman misali ba sai ya buɗe manyan littattafai ba, ya waiwayi abin da ya faru a yammacin Zamfara.

A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka dinga mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga ta kama shi, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Aka zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. A watan Maris na wannan shekara likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar, da aka auna jinin yaran sai aka tarar gubar dalma ce. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Jimillar waɗanda suka rasu an ƙiyasta ta kai 400. Allah ya sa masu ceton iyayensu ne.

Sanadin abin shi ne dutsen zinariya. Farashinta ya tashi a duniya, talaka ya ga hanyar samu, ya shiga haƙa. Dutsen wannan yanki kuwa cakuɗe yake da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo shi cikin gida, ana farfasawa, ana dakawa a turmi, ana kai shi injin niƙa irin na hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda jariri ke rarrafe. Ƙurar ta zauna a daɓe, ta sauka a ƙwarya da faifai da bakin randa. Masanan da suka bi sawun abincin daga baya sun gano cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba a gona ta shiga ba, bayan girbi ne, wajen sussuka da shanya da surfe da niƙa. Gero dai na maigida ne, shi ya noma abinsa. Babu alƙalin da zai ce wannan tuwo haram ne ta fuskar mallaka. Amma tuwon ne ya shiga cikin abubuwan da suka kai yara kabari.

A nan akwai wata mas'ala da ɗalibin fiƙihu zai so ya tsaya a kanta. Tun daga ƙananan littattafan Malikiyya ake koya wa yaro cewa ana gane ruwan tsarki da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan ma'auni ne na alwala da wanka, kuma daidai yake a muhallinsa. Sai dai dalma ba ta cika sauya ko ɗaya daga cikin ukun ba. Saboda haka ruwan kududdufin da aka wanke garin dutse a ciki yana iya yin garau a ido, alhali kuwa guba ne a cikin yaro. Tafasa ruwa ma, wadda ke kashe ƙwayoyin cutar gudawa, ba ta fitar da dalma ko kaɗan. Hukuncin sha daban, hukuncin tsarki daban, kada a gwama su.

Malamai sun lissafa abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Domin kiyaye hankali ne aka haramta giya, wadda mayenta kan sake mutum da wayewar gari. Ina kuma ga abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ya saki? Cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye, akwai kuma masu yawa da ba a ga komai a jikinsu ba, sai an kai su makaranta a ga karatu ba ya zama, a yi ta dukansu ana kiransu daƙiƙai. Masana lafiya sun ce babu wani gwargwado na dalma a jini da za a ce ba shi da lahani. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka yi ta Bagega a 2013, dubban yara suka sha maganin da ke fitar da gubar. Amma a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Dutsen yana nan a ƙasa, talauci kuma bai tafi ko'ina ba.

Abin da ya hau kan maigida, wanda ciyarwa ke wuyansa, a fili yake. Kada dutsen ma'adini ya ƙetare zaure. Wanda ya dawo daga wurin haƙa ya yi wanka ya sauya tufa da takalmi kafin ya shiga gida, balle ya ɗauki ɗa. Turmi ko injin da ya taɓa cin dutse ya fita daga sha'anin abinci ke nan, wanki ba ya mai da shi. Uwargida ta yi shanyar tsaba da kuka da kuɓewa a kan tabarma ko buhu mai tsabta, bisa wani abu mai tudu, ta yayyafa ruwa kafin shara domin kada ƙura ta tashi, ta wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci, ta rufe ƙwarya da tulu. Rufe mazubin abinci da na ruwa kuwa umurni ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi.

Sai batun abin da ake zubawa a cikin ƙwaryar. Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, kuma wofin ciki ya fi jan ta. Yaron da ya fita wasa da safe ba a ba shi ko koko ba ya fi wanda ya karya shiga haɗari. Haka kuma jikin da ya rasa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ko sinadarin da ke gina ƙashi, yakan karɓi dalma a madadinsu. Maganin wannan rashi ba sai an je birni ba. Wake da gyaɗa da ƙwai da hanta da zogale da alayyafo suna ƙara jini. Nono da kindirmo da miyar kuka da riɗi suna gina ƙashi, haka ma ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, wanda mutanen Gummi da ke bakin gulbi ba su cika rasawa ba. Gwaiba da lemo da mangwaro da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimakon jiki ya amfana da ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi kuwa yana rage wannan amfani idan an sha shi a kan abinci. Abin takaici ne a ga mace ta kai ƙwan kajinta kasuwa ta sayo wa yaro alewa da lemon kwalba.

Mai juna biyu ita ce ta fi cancanta da tsokar farko, domin dalmar da ke jininta tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi. Wasunsu kan yi kwaɗayin cin ƙasa, wanda sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini. Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan cin yumɓu, wasu suka ce makaruhi ne, wasu suka hana. A ƙasar da aka tabbatar akwai guba a turɓayarta, saɓanin ya ƙare. Haka kwallin da ake ranɓaɗa wa jarirai: wanda hadisi ya yaba shi ne ismid, amma cikin na kasuwa akwai na dutsen dalma, har an taɓa auna wani da aka kai Amurka daga Nijeriya aka sami fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Kada kuma a ɗauka nono ko zogale suna wanke gubar da ta riga ta shiga jini. Suna rage shigarta ne kawai. Yaron da ke zaune kusa da wurin aikin dutse, idan aka ga yana yawan ciwon ciki, ko kasala, ko ya daina cin abinci, ko ya yi jijjiga ko da sau ɗaya, a kai shi asibiti ran nan, a kuma gaya wa likita sana'ar gidan tun bai tambaya ba, a roƙi a auna jininsa, tare da na sauran yaran da ke cin tuwo a ƙwarya ɗaya da shi.