Darasi: Faɗin Gaskiya a Gaban Kwastan

'Yan'uwa cikin Almasihu, wasu 'ya'yanmu suna samun izinin zama na dindindin a Kanada. Mu koya masu wannan kafin su tashi.

Su rubuta kayansu kashi biyu: na hannu, da waɗanda za a aika daga baya, kowanne da kuɗinsa. Su miƙa wa jami'in kwastan ranar da suka sauka. Kayan da mutum ya mallaka, ya kuma yi amfani da su, ba a karɓar haraji a kansu in ya rubuta su. Kuɗin da ya kai dalar Kanada 10,000, dole a bayyana shi. Ko kilishi ne a faɗa, domin ɓoyewa tana jawo tara.

Mu iyaye kuma, kada mu ba su ƙunshin da ba su san abin da ke ciki ba.

Tambaya: Me Romawa 13:7 ta koya mana game da haraji?